Aikin jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ba hutu ba ne

A fadojin matasa na Zinder, daga Birni har Zango, an daɗe ana cewa wanda ya samu aiki a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya huta: ci kyauta, kwana kyauta, yau Italiya gobe Amurka. Wannan magana tana damuna, domin baƙin jirgin ne ke hutawa.

Ma'aikaci kan sa hannu a kwangilar wata shida zuwa tara, kuma ba Juma'a ba Lahadi. Mai wanke kwanuka ko gyaran ɗakuna yakan yi awa goma ko fiye a tsaye kullum. Yarjejeniyar MLC ta 2006, wadda ke kare haƙƙin ma'aikatan jiragen ruwa a duniya, ta wajabta hutun awa 10 a kowane awa 24, da awa 77 a mako, amma ana iya raba hutun gida biyu. Ɗakin kwanansa ƙarami ne a can ƙasan jirgi, sau da yawa babu taga, gado bisa gado, shi da wani wanda wataƙila ba su jin harshen juna. Ko jirgin ya tsaya a gari, aiki na iya hana shi sauka.

Shiri ma ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan Nijar da bai taɓa ganin teku ba. Sai da fasfo, takardar likita, Turanci mai gamsarwa, da horon STCW, wato horon kare rai da ake nema ga ma'aikatan jirgin ruwa: kashe gobara, agajin gaggawa, tsira a ruwa.

Kuma duk dillalin da ya nemi kuɗin sama maka aikin, ka guje shi. Yarjejeniyar MLC ta haramta karɓar wannan kuɗi daga hannun ma'aikaci.