Ƙananan jatan lande na ado ba sa buƙatar gishiri

An daɗe ana cewa jatan lande halittar teku ne, don haka duk mai kiwon su a akwatin gilashi sai ya zuba gishiri a ruwan. Maganar tana da tushe, domin busassun da muke saya a kasuwar Sakkwato daga kudu, wajen bakin teku, ake kawo su.

Amma jajayen nan da ake ajiyewa cikin tsirran ruwa, nau'in Neocaridina, asalinsu rafukan ruwan daɗi ne na Taiwan da China. Tsawonsu bai cika wuce santimita 3 ba. Macen tana riƙe ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta, tana fifita su da ƙananan ƙafafunta har kusan wata guda, sai 'ya'yan su fito da kamannin iyayensu sak, duk a ruwan daɗi. Wani nau'in jatan lande na ado daban, mai suna Amano, shi ne 'ya'yansa ke buƙatar ruwa mai gishiri kafin su girma.

Su kuwa Neocaridina, gishiri takura su yake yi, yana kuma lalata tsirran. A zafin Afrilu ma, ruwa na ƙafewa gishirin na zama, sai ya ƙara ƙarfi. A ganina zafin ne ya fi cancantar damuwa, don sun fi jin daɗi ƙasa da digiri 28. A nisanta akwatin daga taga.

Kafin ka saya, tambayi sunan nau'in na kimiyya, ka bincika inda yake rayuwa a asali. Don Allah a tura wa masu sha'awar kiwon.