Girabiti da rashin tabbas na kwantam: tambayoyin da suka ƙi ƙarewa

An gano cewa girabiti, wato ƙarfin jan da ke tsakanin abubuwa masu nauyi, shi ne ke haddasa rashin tabbas na kwantam, ilimin halayen ƙananan abubuwa irin su zarra?

A'a. Hasashe ne, babu gwajin da ya nuna haka.

Mece ce ma ƙa'idar rashin tabbas ɗin?

Heisenberg ya kawo ta a 1927. Iya yadda ka takaita wurin da ƙwayar zarra take, iya yadda sanin ƙarfin tafiyarta ke kuɓuce maka. Idan ka ninka rashin tabbas ɗin biyu, ba za su taɓa yin ƙasa da rabin ħ ba, wato wani ƙanƙanin adadi da ba ya canzawa a lissafin kwantam. Don Allah a daina cewa laifin na'urar awo ce.

To ta ina girabiti ya shigo?

Ta wurin awo. Ganin ƙaramin abu sai da haske mai gajeren zango, shi kuwa makamashinsa yawa gare shi. Ƙa'idar Einstein ta 1915 ta ce makamashi yana lanƙwasa sarari. Ka ci gaba da cusa makamashi a ɗan wuri, ƙarshenta baƙin rami za ka haifar, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jansa, ya rufe abin da kake son gani. Lissafi ya ce hakan zai faru a wajen mita 1.6 × 10⁻³⁵, tsayin Planck kenan. Matvei Bronstein ya hango matsalar a 1936, Alden Mead ya fayyace ta a 1964. Hujja ce mai kyau, amma a takarda take.

Na haɗa G (adadin ƙarfin girabiti) da ħ da c (saurin haske) na samu wani tsayi. Na gano sabon abu?

Planck ya riga ka tun 1899. Malam, in dai ƙa'idarka ba ta fitar da adadin da za a auna, wanda ya saɓa da na Einstein ko na kwantam, to ba ka fara ba tukuna.

Me ya hana a gwada a LHC, babbar na'urar karon ƙwayoyin zarra da ke kusa da Geneva?

A 2022 ta fara karo a TeV 13.6 (TeV ma'aunin makamashi ne). Makamashin Planck, wanda ake bukata don a kai tsayin Planck, ya kai wajen TeV 10¹⁶. Yi ragin da kanka.

Shin akwai gwajin da za a iya yi a ɗakin bincike?

Wannan ce tambayar kirki, kuma amsarta ita ce wataƙila. A 2017 rukunin Sougato Bose, da kuma Marletto da Vedral, suka ba da shawara iri ɗaya. A samo ƙananan lu'ulu'u biyu, kowanne wajen kilogiram 10⁻¹⁴. A yi amfani da maganaɗisu a raba tafiyar kowanne gida biyu, ya zama yana wuri biyu lokaci guda. A sake su su faɗi gefe da gefe, tazararsu kamar maikuromita 200 (kashi ɗaya cikin biyar na milimita), na tsawon daƙiƙa biyu ko sama da haka. In aka duba aka tarar halinsu na kwantam ya sarƙe da juna, kuma girabiti kaɗai ke tsakaninsu, to alama ce mai ƙarfi cewa shi ma girabiti yana bin dokar kwantam.

Wannan "kaɗai" ɗin shi ne aikin. Jan da ke tsakanin lu'ulu'un bai wuce nuton 10⁻³¹ da ɗoriya ba. Ilektiron ɗaya tak ya maƙale a jikin kowanne, turin lantarki zai ninka wannan jan sau biliyan talatin da biyar ko kusa. In ka matso da su don jan ya ƙaru, ƙarfin Casimir, wani jan kwantam da ke tasowa tsakanin abubuwan da suka kusanci juna sosai, ya danne shi. Ƙwayar iska guda ta bugi lu'ulu'un, zaman wuri biyun ya rushe, don haka sai an zuƙe iskar akwatin fiye da yadda aka saba, an kuma sanyaya shi ƙasa da kelbin ɗaya, wato dab da iyakar sanyi, domin ko zafin jikin lu'ulu'un yana fitar da hasken da ke tona inda yake. Faɗuwar daƙiƙa biyu kuma mita ashirin ce, ga girgizar ƙasa da motsin duk wani abu mai nauyi a kusa.

Ina aka kwana? A 2019 a Biyana, babban birnin Ostiriya, an sa ƙwayoyi masu zarra kusan 2,000 sun bi hanya biyu lokaci guda, amma lu'ulu'un da ake bukata ya fi su nauyi sau sama da miliyan ɗari biyu. A 2021, a can Biyana dai, an auna girabiti tsakanin ƙwallayen zinariya biyu masu miligiram 90, sai dai waɗannan ba sa cikin halin kwantam. Ko an yi nasara ma, masana suna jayayya kan iyakar abin da sakamakon zai tabbatar. Idan kuwa ba a ga sarƙewar ba, abu na farko da za a zarga shi ne hayaniyar na'ura.

Penrose fa?

Roger Penrose, masanin lissafi da fiziks na Birtaniya, shi da Lajos Diósi suna ganin girabiti ne ke rusa zaman wuri biyu, cikin lokacin da ya kai ħ a raba da makamashin girabitin da ke tsakanin wuraren biyu. Tsarin Diósi ya nuna abu zai riƙa fitar da ɗan haske mara ƙarfi. An nemi wannan hasken da na'urar jamaniyam a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, sakamakon 2020 ya ce babu. Mafi sauƙin sigarsa ta faɗi, sauran suna nan.

Kenan ɗaya daga cikin ƙa'idojin biyu, ta Einstein ko ta kwantam, ƙarya ce?

Kwantar da hankalinka. Agogon tauraron GPS yana buƙatar gyaran maikurosakan 38 (kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa) kullum, daidai da lissafin Einstein. Tun 1975 aka ga niyutiron yana bin dokar kwantam a cikin jan duniya ba tare da wata matsala ba. Inda suke cin karo shi ne tsakiyar baƙin rami da farkon samuwar sararin samaniya, kuma babu na'urar da ta kai can.