Tsakuwar matsarmama: sikanin bayan an fara shan magani

Tambayoyin nan kullum sai na amsa su a ɗakin sikanin, shi ya sa na rubuta su.

Ciwon ya lafa, dole ne in koma sikanin?

Dole ne. Tsakuwa kan yi shiru wata da watanni alhali tana nan daram.

Sau nawa?

Duk wata 6 a shekarar farko. Ursodiol, wato maganin da ake sha, a hankali yake narkar da ita, daga wata 6 har shekara 2.

In karya kafin in zo?

A'a. Awa 6 zuwa 8 ba abinci. In ka sha koko da ƙosai matsarmama ta tsuke, ba ma ganin cikinta. Don Allah a daina ce mana "ai shayi ne kawai".

A sikanin Kawo an ce girman tsakuwar milimita 8, a Tudun Wada an ce 10. Ƙaruwa ta yi?

Kwantar da hankalinka, Malam, ba lallai ba ne. Tsakuwa ba ƙwallo ba ce, wani ta tsawo ya auna, wani ta faɗi. Na'ura ma ta bambanta, haka hannun mai aunawa, wani lokacin kuma iskar hanji ce ke tare hoton. Bambancin milimita 1 ko 2 ni ba na yanke hukunci a kansa. Amma ba zan ce a share ba, domin in shekara ta cika ba alamar raguwa, da wuya maganin ya yi, sai likita ya duba batun tiyata. Shawarata, ka tsaya wuri ɗaya, ka riƙa zuwa da tsofaffin takardunka. Ko an ce ta narke, kada ka ajiye magani sai an sake dubawa bayan wata 1 zuwa 3, ƙanana kan ɓuya. Kuma kusan rabin masu ita takan dawo musu cikin shekara 5.

Ɗana mai sikila ne, maganin zai yi masa?

Yawanci a'a, Hajiya. Tsakuwar masu sikila daga fashewar ƙwayoyin jini take, maganin kuwa ta kolestarol, wato wani irin kitse, yake narkarwa.

Ido ya yi ɗorawa, ga zazzaɓi, in jira ranar sikanin?

Wane jira! Mai yiwuwa tsakuwa ta toshe bututun matsarmama. Asibiti yau, ko da tsakar dare ne.