Mai gida ya ba ni takardar tashi, dole ne in kwashe kayana?

A Aboabo, Asawase da Sabon Zongo na Kumasi, wannan magana ba baƙuwa ba ce. Mutum ya biya adibas na shekara biyu, bai ci rabi ba, sai a miƙo masa takarda wai ya bar ɗakin kafin ƙarshen wata. Abin da ke damuna shi ne yadda mutanenmu ke tattara komatsansu cikin kunya, alhali sau da yawa doka tana bayansu.

Takardar mai gida kaɗai ta isa ta fitar da ni?

Ba ta isa ba. Dokar haya ta Gana ta shekarar 1963, mai lamba 220, ta bar wa kotu ikon fitar da ɗan haya. Takardar da ya rubuta, ko lauyansa ya rubuta, sanarwa ce kawai. In ka ƙi tashi, shi zai je gaban alƙali ya kawo hujja.

Wace hujja kotu ke karɓa?

Sashe na 17 ya jera su. Kuɗin haya ya wuce wata guda da lokacinsa ba a biya ba. Ko ka karya sharaɗin yarjejeniya, ko kana takura wa maƙwabta, ko ka lalata ginin. Akwai kuma inda mai gida ke buƙatar wurin da gaske don zaman kansa ko iyalinsa. Wannan ta ƙarshe ita aka fi fakewa da ita: a ce "ɗana zai yi aure", bayan wata biyu ka ga baƙo a ɗakin da sabon farashi. Kana da damar neman ya tabbatar da buƙatar. In kuwa rushewa ko sake fasalin gini zai yi, sai wa'adin hayarka ya ƙare, kuma ya ba ka sanarwar wata 6 a rubuce. "Na samu mai biya fiye da kai" ba ta cikin jerin.

To, in ya cire mini ƙofa ko ya yanke wuta da ruwa fa?

Laifi ne a dokar mai gida ya matsa wa ɗan haya don ya gaji ya tashi. Ɗauki hoto da wayarka, ka sami shaidu, ka kai rahoto. Kada ka rama, kada ka ɗaga hannu.

Ta ina zan fara?

Ofishin kula da harkar haya, wanda kowa ke kira Rent Control. Ka tafi da takardar tashin, yarjejeniya in akwai, da rasit. Nan ne yawancinmu ke faɗuwa, domin mun saba miƙa kuɗi hannu da hannu, muna ganin neman rasit a wurin dattijo rashin ladabi ne. Ko saƙon MoMo, wato na tura kuɗi ta waya, shaida ce, kada ka goge. Jami'in zai kira ku duka biyu. In ba a daidaita ba, magana ta wuce kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Tallafin Shari'a.

In daina biya har a gama rikicin?

Kada ka kuskura. Da hannunka za ka ba shi hujjar da ba shi da ita. In ya ƙi karɓa, ka sanar da jami'in haya a rubuce, kuɗin kuma ka ajiye shi a shirye.

Ba gara a kai wa liman ko sarkin zongo ba?

Sulhu alheri ne, musamman in masallaci ɗaya kuke salla. Ka fara da "Baba, a yi haƙuri, a zauna a duba". Amma duk abin da aka amince, ranar tashi da ragowar adibas da za a mayar maka, a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu.