Me ya sa nake ta komawa ga abin da na ce na bari? Tambayoyin matasanmu a kan jaraba

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada mun zauna da matasa a 'yar cocinmu nan Aboabo, a Kumasi, inda Hausa ce ke haɗa mu duka, da Frafra da Kusasi da Busanga da mu sauran, sai hira ta gangaro kan jaraba. Tambayoyin sun yi yawa har lokaci ya ƙure, shi ya sa na ce bari in rubuta amsoshin a nan yadda na iya. Ni ba fasto ba ne oo, mai jan nazarin Baibul ne kawai.

Yaya, jin sha'awar abin ma zunubi ne?

A'a. Ibraniyawa 4:15 ta ce an jarabci Yesu ta kowace hanya kamar mu amma bai yi zunubi ba. Yakubu 1:14-15 ya nuna yadda abin ke tafiya, sha'awa ce ke jan mutum, sai ta yi ciki, sai ta haifi zunubi. Tsakanin ƙwanƙwasa ƙofa da buɗewa akwai tazara, toh kar ka kashe kanka da laifi tun ba ka buɗe ba.

Na yi alkawari ya fi sau goma, na yi azumi ma, amma ina komawa. Me ke damuna?

Nan ne zan daɗe, don ni ma na sha wannan. Ka taɓa ratsa kasuwar Kejetia da yunwa? Komai ƙamshi yake maka, waakye (shinkafa da wake), soyayyen kifi, har ƙosan da ya huce tun safe sai ka ga kamar yana kiran sunanka. Amma ka ci tuwon zafi ka ƙoshi ka bi ta wannan hanyar dai, mai abincin ma ba za ka lura da ita ba. Abincin bai canja ba, cikinka ne ya canja. Karin Magana 27:7 haka ta faɗa, wanda ya ƙoshi ko zuma ba ta burge shi, amma mayunwaci abu mai ɗaci ma zaƙi yake masa.

Ni tawa jarabar caca ce ta ƙwallo, beti. Kusan shekara biyu duk Asabar da rana ina kan waya, sidi 5, sidi 10, momo, wato kuɗin da ke cikin waya, na fita kaɗan kaɗan kamar ba komai ba, in na ci sau ɗaya in yi asara sau takwas, ranar Lahadi in zo in durƙusa in ce Ubangiji daga yau na bari, Asabar na zagayowa hannuna da kansa yake nemo wayar. Sai da wani dattijo a coci ya tambaye ni, ɗana, in ka ci kuɗin me za ka yi da su? Na buɗe baki na ce zan je gida Bawku da Kirsimeti a ga ni ma na zama wani abu. Sai na ji kunya ta kama ni, don ashe ba kuɗi nake nema ba, so nake a daina raina ni. Duk alkawuran da nake yi a kan caca nake yin su, ita kuwa yunwar tana nan zaune ban taɓa ta ba.

Irmiya 2:13 ya ce laifin mutanen Allah biyu ne, sun bar maɓuɓɓugar ruwan rai, sannan sun haƙa wa kansu rijiyoyi masu tsaga da ba sa riƙe ruwa. Kamar ka yi layin ruwa tun asuba da galan ɗin Kufuor, wato jarkar ɗiban ruwa, ka cika shi, ashe gindin ya huje, kafin ka kai gida rabi ya tsiyaye, gobe ka sake komawa layin da wannan galan ɗin dai.

Toh mene ne wannan "ƙoshi cikin Allah"? Ni fa in na yi addu'a ba na jin komai.

Ba lallai jikinka ya yi yarr ba, wannan na waƙa da ganga ne kuma zuwa Litinin ya wuce. Ƙoshin da nake nufi shi ne ka san abin da kake bi a guje an riga an ba ka. Duba Matiyu, a ƙarshen sura 3 a kogin Urdun da aka yi wa Yesu baftisma murya daga sama ta ce wannan shi ne Ɗana ƙaunatacce, sura 4 na farawa sai jeji, kwana 40 ba ci, Iblis ya zo da "in kai Ɗan Allah ne". Wato ka tabbatar mana. Yesu bai tsaya tabbatar da komai ba, an riga an faɗa masa. Ya amsa da Maimaitawar Shari'a 8:3, cewa ba da gurasa kaɗai mutum zai rayu ba. Cikinsa wayam, amma ba a iya saye shi ba.

Kishiyarsa Isuwa ne a Farawa 25, ya dawo daga daji a gajiye ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwano ɗaya na fate, ya ci ya sha ya tashi ya yi tafiyarsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala kenan.

Kuma abin koyo ne, ba ya saukowa dare ɗaya. Bulus yana tsare ya rubuta wa Filibiyawa, a 4:11-12 kalmar da ya yi amfani da ita "na koya" ce, ya koyi zama da ƙoshi da kuma yunwa.

Yaya wannan duk magana ce mai daɗi, amma ni yaron shago ne a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, masta ba ya ba ni ko na koko wani lokaci. In ya aike ni sayen kayan mota na ɗora sidi 20 a kai fa?

Ƙanena sata ce, ba zan canja mata suna ba. Amma ba zan ce maka ka je ka ci ayar Baibul ka sha ruwa ba. Lokacin da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai fara masa da wa'azi ba, abinci da ruwa ya ba shi ya bar shi ya yi barci, har sau biyu ya ce masa tashi ka ci. Yakubu 2:15-16 kuma ya yi wa irinmu faɗa, masu ce wa mayunwaci ka sauka lafiya ba tare da mun ba shi komai ba. Saboda haka rabin amsar tambayarka tana wuyan ikkilisiya ne, gaskiya mun fi ƙwarewa a tara baiko na gini fiye da sanin wane yaro ne ya kwana bai ci ba. Ka zo ka same mu, kuma ka yi wa masta magana ido da ido a kan kuɗin abinci, ya fi ya kama ka wata rana sunanka ya ɓaci a duk layin.

In ina dogara ga Allah, guje wa wurin ba rashin bangaskiya ba ne?

Haba 'yar'uwa. Yusufu a gidan Fotifar ai rigarsa ya bari a hannun matar ya fita da gudu. 1 Korintiyawa 10:13 ta ce Allah zai ba da hanyar fita, wani lokaci hanyar fitar ita ce kawai ki goge lambar nan, ko ki ajiye wayar nesa da katifa kafin sha biyun dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kowa kuma ya san tasa tsagar, wani in ya gaji ne, wani in an ɓata masa rai, wata in kaɗaici ya dame ta. Ni Asabar da rana ce, shi ya sa har yau nake zuwa koyon waƙa da mawaƙan coci a wannan lokacin duk da muryata sai a hankali.

Na riga na sake faɗuwa jiya. Da wane ido zan koma wurin Allah?

Da wannan idon dai. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku yana jin ɗumi a bakin wutar gawayi. A Yohanna 21 da suka fito daga jirgi bayan sun kwana suna kamun kifi, me suka tarar a bakin teku? Wata wutar gawayin, da kifi a kai da gurasa, Yesu ya ce ku zo ku karya kumallo. Sai bayan sun ci ne ya tambayi Bitrus ko yana ƙaunarsa. Ka furta abin da sunansa kamar yadda 1 Yohanna 1:9 ta ce, sannan ka nemi mutum ɗaya mai riƙe sirri ka faɗa masa, ba dukan zumunta ba don Allah, mun san halin bakinmu. Nawa mutumin shi ne dattijon nan, har yanzu in Asabar ta yi sai ya kira ni wajen ƙarfe uku ya ce ɗana kana ina, in ce Baba ina coci, ya ce toh sa wayar kusa da masu waƙa in ji.