Ma'anar “Fish and Chips”: Ba Kowane Kifi da Dankali Ne Ya Cancanci Sunan Ba

Tun da ɗalibanmu da ma'aikatan jinya suka fara kwarara Birtaniya a 'yan shekarun nan, da wuya mako ya wuce mutum bai ci karo da wani a TikTok ko Facebook yana kwance ƙunshin takarda a gaban kyamara, yana shelar cewa yau zai ɗanɗana “fish and chips” ba. Daga can sunan ya gangaro gida, ya hau takardun jerin abinci a Abuja da Kano da Kaduna, ya kuma shiga bakin wasu masu gabatar da shirye-shiryen rediyo, waɗanda ke jefa shi cikin zance duk sanda suke son nuna cewa wane ya waye ko ya yi kuɗi. Ba sai an ɓata lokaci wajen fassara ba, domin ɗan firamare ma ya san kifi da dankali ake nufi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake liƙa sunan a kan duk farantin da kifi da soyayyen dankalin Turawa suka haɗu a ciki, da kuma yadda ake ɗaukarsa abincin manya, alhali tarihinsa gaba ɗaya na talakawa ne.

A Birtaniya sunan yana nufin abu guda takamaimai. Ana samo kifin teku mai farar tsoka, a fiffige shi a zare ƙayar, a tsoma dogon yankin a cikin ƙullun fulawa da ruwa da ɗan abin da zai sa ƙullun ya tashi, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya cikin mai mai tsananin zafi. Ƙullun nan shi ne asirin girkin, domin da zarar ya taɓa mai sai ya sandare ya zama ɓawo, ya tsare tsokar daga man, kifin kuma ya dahu da tururin ruwan jikinsa. Wannan ne ya sa idan an yi shi daidai za ka ji waje yana ƙaras-ƙaras, ciki kuwa fari ne tas, yana rabuwa falle-falle ba tare da maiƙo ba. Kifin da aka fi amfani da shi iri biyu ne, wato kod, wanda mutanen kudancin Ingila suka fi so, da hadok, wanda ya fi karɓuwa a Sikotlan da yankin Yokshaya. Saboda haka gasasshen karfasa da aka shafe da attaruhu, ko tarwaɗar da aka soya da kanta da jelarta aka ajiye mata dankali a gefe, abinci ne mai daɗi ƙwarai, ni kaina na fi jin daɗinsa a yawancin ranaku, amma ba shi ne abin da sunan ke nufi ba, kuma rubuta sunan a kansa don a ƙara kuɗin faranti ba ya mayar da shi hakan.

Rabin sunan na biyu ma yana da nasa ruɗanin. Ba'ingile idan ya ce “chips” yana nufin dankalin da aka yanka da kauri kamar yatsa, aka soya har ya yi laushi a ciki. Ba'amurke kuwa idan ya faɗi kalmar yana nufin siraran yanka masu ƙaras-ƙaras da ake sayarwa a leda. Mu a Najeriya mun karɓi ma'anonin biyu a lokaci guda, shi ya sa muke kiran soyayyen dankalin karin kumallo cifs, muke kuma kiran soyayyar ayabar leda da sunan. Wanda ya shiga shago a Manchesta yana sa ran siraran sandunan dankali irin na McDonald's zai yi zaton an cuce shi, alhali kaurin da laushin da gangan ake yin su, don su sha gishiri da khal, wato ruwan tsamin nan da Bature ke kira “vinegar”.

Kuskure na biyu, wato ɗaukarsa abincin manya, shi ne ya fi ba ni haushi, domin ya juya tarihi a baibai. Soya kifi bayan an turbuɗa shi a gari ba Ingilishi ne suka ƙirƙiro shi ba. Yahudawan da suka gudo daga Sifaniya da Fotugal saboda tsangwamar addini, waɗanda suka zauna a Landan tun ƙarni na 17, su ne suka zo da wannan girki. Sukan soya kifin ranar Juma'a su ajiye, su ci shi da sanyinsa ranar Asabar, saboda addininsu ya hana su hura wuta a wannan rana, garin da ke jikin kifin kuma yana taimaka masa ya kwana bai lalace ba. Soyayyen dankali kuwa daga ɓangaren Faransa da Beljiyam ya tsallako, ya samu gindin zama a garuruwan masaƙu na arewacin Ingila. Wanda ya fara haɗa su a shago ɗaya har yau ana gardama a kansa. Mutanen Landan suna cewa Joseph Malin ne, wani Bayahude ɗan ci-rani da ya buɗe shago a gabashin birnin wajen 1860, mutanen Lankashaya kuma suna cewa John Lees ne, wanda ya sayar da shi a wata rumfar katako a kasuwar Mossley wajen 1863. Ko wanne aka ɗauka, babu fada babu otal a cikin labarin, unguwar baƙi ce a gefe guda, rumfar kasuwa a ɗaya gefen.

Abin da ya mayar da shi abincin ƙasa kuwa injuna ne. A kashi na biyu na ƙarni na 19 jiragen kamun kifi masu aiki da tururi suka fara jan manyan komaye a Tekun Arewa, ƙanƙara ta samu, layin dogo kuma ya haɗa tashoshin ruwa irin su Grimsby da Hull da garuruwan da ke nesa da gaɓa, har ya zama kifin da aka sauke da asuba yana iya isa tsakiyar ƙasar kafin ya canja wari. A waɗannan garuruwa maza da mata duk suna wuni a masaƙa, gidajensu ƙanana ne, babu lokacin girki babu wurin yinsa, sai ga abinci mai zafi da arha a bakin layi. Kafin 1910 shagunan sun kai wajen 25,000, zuwa ƙarshen shekarun 1920 kuma sun kai kimanin 35,000, har masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1913. A Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka taƙaita nama da sukari da shayi sai da kati, gwamnati ba ta sa wannan abinci cikin jerin ba, ko da yake kifin kan yi ƙaranci a yi ta bin dogon layi. A tsohuwar jarida ake naɗe shi, kuma an ci gaba da haka har wajen shekarun 1980, kafin dokokin tsafta su tilasta amfani da farar takarda. Abincin da aka shafe fiye da shekara ɗari ana ƙunshe shi a jaridar jiya bai kamata wani ya zauna a gidan rediyo yana kiransa abincin alfarma ba.

Su ma Turawan ba su tsira daga ɓata ma'anar ba. Duk sanda zaɓe ya ƙarato sai ka ga ɗan siyasa a wani garin bakin teku riƙe da ƙunshin kifi da dankali ana ɗaukarsa hoto, don a ce shi ma na jama'a ne, masu ƙyamar baƙi kuma sukan ɗaga abincin a matsayin shaidar tsantsar al'adar Birtaniya da wai baƙi ke neman gurɓatawa. Abin dariyar shi ne baƙi ne suka kawo girkin, baƙi ne kuma suka riƙe sana'ar a wurare da yawa: Italiyawa a Sikotlan, Girkawan Saifurus a Birmingham da kewaye, 'yan China da 'yan Pakistan a wasu garuruwan. Kifin kansa ma yawancinsa baƙo ne. Tsakanin 1958 da 1976 Birtaniya ta yi takun-saƙa sau uku da ƙaramar ƙasar Ayislan a kan wuraren kamun kod, har jiragen ruwan ƙasashen biyu suka riƙa bangazar juna, daga ƙarshe Ayislan ta yi nasarar shimfiɗa iyakarta zuwa mil 200 a cikin teku, manyan jiragen Hull da Grimsby suka rasa wurin kamu. Tun daga nan mafi yawan kod da hadok ɗin da ake soyawa a Birtaniya daga ruwan Ayislan da Norwe da Tekun Barents yake zuwa, sau da yawa a daskare.

A nan ne kifin ya haɗu da mu ta hanyar da ba kowa ke lura ba. Busasshen kifin nan mai tauri kamar icce, wanda Inyamurai ke kira okporoko, wanda ake jibgewa a kasuwannin Najeriya ana sayar da kawunansa daban, da yawansa kod ne, wani kaso daga cikinsa kuma yana zuwa ne daga tsibiran Lofoten na arewacin Norwe, inda ake rataye shi a kan katakai na tsawon watanni iskar sanyi tana busar da shi ba tare da gishiri ba. Najeriya tana cikin manyan masu sayensa a duniya. Wato ɗalibin da ya tsaya a Landan yana mamakin wannan “baƙon kifi” mai yiwuwa ya sha cin irinsa a miyar agushi, bambancin kawai shi ne nasa ya sha iska da rana, na Bature kuwa ya sha ƙanƙara.

Wanda ke zaune a Birtaniya yake son ya san abincin na gaskiya, ya kamata ya san cewa wurin da aka saya yana cikin ma'anar sunan. Asalinsa na shagon unguwa ne, wanda suke yi wa laƙabi da “chippy”, mai kanta mai gilashi da tukwanen mai a bayanta, inda layi ke tsawo musamman ranar Juma'a da yamma, al'adar da ta samo tushe daga ƙaurace wa nama da wasu Kiristoci ke yi a wannan rana. Wanda ya ci a gidan abincin 'yan yawon buɗe ido a tsakiyar Landan ya fito yana yanke hukunci, daidai yake da baƙon da ya ci tsiren otal a faranti da cokali mai yatsu ya koma ƙasarsu yana cewa ya san tsiren Kano. Haka nan wanda ya yi oda aka kawo masa gida a rufaffen kwali bayan rabin sa'a, tururi ya riga ya jiƙa ɓawon ya mayar da shi laɓa-laɓa, abin da ya ci gawar girkin ce. A shago nagari sai ka nema ake tsoma kifinka a mai, ka jira 'yan mintuna, mai shagon ya tambaye ka ko a zuba gishiri da khal. Yawancin masu cewa abincin lami ne a nan suke yin asara, domin ba a sa kayan ƙamshi a ƙullun, ɗanɗanon yana zuwa ne daga gishirin da tsamin khal ɗin da ake yayyafawa a ƙarshe, tare da dafaffen koren wake da aka dama ya yi kauri, ko miyar kori. Ban ce harshen da ya tashi da daddawa da yaji zai yi santi ba, kuma ban ga laifin wanda ya tafi da ƙullin yajinsa a aljihu ba, amma rashin yaji ba kuskuren mai girki ba ne, tsarin abincin ke nan. A Sikotlan idan ka ji an ce “fish supper” wannan abincin dai ake nufi, ko da rana tsaka ce.

Akwai kuma ruɗanin da ya fi shafar Musulmi, wato zaton cewa tunda kifi ne da dankali babu abin tambaya. Kifin halal ne, amma man da ƙullun su ne abin dubawa. A Yokshaya da wasu sassan arewa shagunan gargajiya suna alfahari da suya da narkakken kitsen shanu, kuma kitsen ba lallai ya fito daga yankan Musulunci ba. Mashayu da wasu gidajen abinci kuma suna kwaɓa ƙullun da giya don ya yi sakayau, yawanci ma sukan rubuta hakan a jerin abincinsu a matsayin abin yabo. Ko inda ake amfani da man gyaɗa ko wani man tsirrai, yana yiwuwa a tukunya ɗaya ake soya kifin da tsiran alade. Tambayoyin uku ne, kuma masu shagunan sun saba jinsu daga masu cin ganye zalla da masu rashin lafiyar abinci, ba sa ɗaukarsu raini: da wane mai ake suya, me ke cikin ƙullun, kuma ko tukunyar kifi daban take. A Bradford da Birmingham da gabashin Landan ba a rasa shagunan Musulmi da suka rubuta halal a ƙofa.

Idan akwai abin da zai ba masu kiransa abincin manya ɗan uzuri, to farashinsa ne na yanzu. Shagunan sun ragu zuwa kimanin 10,500, kuma yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022 ya dake su ta kowane gefe: man furen rana da ƙasashen biyu ke fitarwa ya yi tsada, kuɗin gas da lantarki ya tashi, Birtaniya kuma ta ɗora harajin kashi 35 cikin 100 a kan farin kifin Rasha, wanda shaguna da dama suka dogara da shi. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun nuna cewa a watan Yulin 2024 matsakaicin kuɗin ƙunshi ɗaya ya kusa fam 10, ƙarin fiye da kashi 50 cikin 100 a shekara biyar. Ɗalibin da ke lissafa wannan da naira dole ya ji nauyinsa, iyalan ma'aikata 'yan ƙasar da suka saba saye duk Juma'a su ma suna ji, shi ya sa wasu shagunan suka fara rage girman yanka ko sauya kod da wasu kifayen masu sauƙin kuɗi.