Waiwaye: Kyanwar da ta buɗe wa kwamfuta ido

Tun ranar 30 ga Nuwamba 2022 da aka saki manhajar hira ta ChatGPT, gardamar ƙirƙirarriyar basira ba ta lafa ba a Sakkwato. Malamai na ƙorafin ɗalibai suna kawo aikin gida da babu guminsu a ciki. Matasa na rantsuwa cewa abin nan yana da hankali kamar mutum, gobe-gobe zai kori malami da akawu daga aiki. A majalisarmu wani dattijo ya dube ni ya ce, "Ɗana, wai wa ya zuba wa wayar ga wayo cikin dare ɗaya?" Na ce, "Baba, ai an fi shekara 60 ana dafa tukunyar nan, yanzu ne ƙamshin ya iso mana." Tun daga ranar nake son in warware masa zaren daga tushe.

Cewa ƙwaƙwalwa ce ke jan akalar ɗabi'a, duk wanda ya taɓa jinyar ɗan kabu-kabun da ya bugu a ka ya sani: mutum ya miƙe da ƙafafunsa, amma mai haƙuri ya koma mai zafin rai, ko magana ta suɓuce masa. Likitoci sun daɗe da lura da haka. A 1848 sandar ƙarfe ta ratsa kan wani ma'aikacin layin dogo a Amurka, Phineas Gage, ya rayu amma halinsa ya sauya. A 1861 Paul Broca na Faransa ya nuna gurbin da ya lalace a gefen hagu na ƙwaƙwalwar wani majinyaci da magana ta ɗauke masa. Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya ya tabbatar da cewa ƙwaƙwalwa taron ƙwayoyi ce, kowace da kanta, suna miƙa wa juna saƙo. Yau ana ƙiyasta su kusan biliyan 86. A 1943 wasu masana biyu, McCulloch da Pitts, suka rubuta aikin ƙwaya ɗaya da lissafi, a 1958 kuma Frank Rosenblatt ya fito da na'urar da ke kwaikwayonta, tana koyo daga kuskurenta. Wannan duk sananne ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ya faru cikin shekarar 1958 ɗin, a wani ɗaki mai duhu a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore.

Matasan masana biyu ne, David Hubel wanda ya tashi a Kanada da Torsten Wiesel ɗan Suwidin. Sun yi wa kyanwa, mussa in ji mu, allurar barci, suka zura siririyar waya cikin sashen gani da ke bayan ƙwaƙwalwarta, suka haɗa wayar da lasifika yadda duk lokacin da ƙwaya ɗaya ta motsa za su ji ƙara. Sai suka shiga haska mata ɗigo, baƙi da fari, domin an riga an san ƙwayoyin cikin ido da ɗigo suke amsawa. Sa'o'i suna ta yi, shiru. Can suna zura gilashin da aka manna ɗigon a kai cikin na'urar haskawa, sai lasifika ta ɓarke da ƙara. Ashe ƙwayar ba ruwanta da ɗigon. Bakin gilashin ne ya jefa siririyar inuwa, layi miƙaƙƙe, ya gifta a wata karkata ta musamman. Da suka juya layin zuwa wata karkatar, ƙwayar ta yi tsit.

Daga nan suka yi shekaru suna bin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, suka wallafa sakamakon farko a 1959, wani mai faɗi a 1962. Sun tarar akwai masu amsa wa layi a tsaye, akwai na kwance, akwai na kaikaice, kowace da ɗan filinta. A samansu kuma akwai wasu da ke tattara rahoton na ƙasa, su amsa wa layin ko ya ɗan gusa daga inda yake. Wato ƙwaƙwalwa ba ta haɗiye hoto gaba ɗaya. Gutsattsara shi take yi, sannan ta harhaɗa hawa-hawa. Wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wuyar gane wannan ba: babbaƙu tukuna, sai farfaru, sannan a haɗa baƙi, kafin yaro ya iya jan aya.

Sashe na biyu na aikinsu ya fi taɓa ni, ko da yake raina bai so abin da aka yi wa dabbobin ba, mu da aka karantar da mu haƙƙin mage tun muna ƙanana. A 1963 sun rufe wa 'yan kyanwa ido ɗaya tun suna jarirai na tsawon watanni. Da aka buɗe, idon lafiyarsa lau, amma ba ya gani, domin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ya kamata su yi masa aiki sun koma wa ɗaya idon. Babbar kyanwa kuwa, ko an rufe mata haka, ba ta makancewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa likitoci ke gaggauta cire wa jariri yanar ido, ba sa jira ya girma. A 1970 Colin Blakemore da Grahame Cooper a Kambirij ta Ingila suka raini 'yan kyanwa inda ba sa ganin komai sai layuka masu fuska ɗaya. Wadda ta tashi cikin layukan kwance, in ka ɗaga mata sanda a tsaye sai ta yi kamar babu komai a gabanta. Ka kwantar da sandar, ta biyo ta da wasa. Abin da ba a nuna wa ƙwaƙwalwa ba lokacin da take ɗanya, ba ta tanadar masa wuri. Hubel da Wiesel sun samu kyautar Nobel a 1981.

Wani injiniya a Japan, Kunihiko Fukushima, da ke aiki a sashen bincike na gidan rediyo da talabijin na NHK, ya karanta wannan aiki ya ga taswira. A 1980 ya wallafa tsarin da ya kira neocognitron: hawa-hawa na ƙwayoyin lissafi, na ƙasa suna neman layuka, na sama suna tattarawa, daidai da abin da aka ji a kan kyanwa. A 1989 Yann LeCun ya haɗa irin wannan gini da dabarar gyara kuskure daga sama zuwa ƙasa, na'urarsa ta karanta lambobin da aka rubuta da hannu a bayan ambulan, daga baya ta shiga karanta cakin banki a Amurka. Sai 2012, ɗalibai biyu na Geoffrey Hinton a Toronto suka ciyar da babban tsari irin wannan da hotuna sama da miliyan 1, suka ci gasar gane hoto da kuskuren kashi 15 cikin 100, alhali na biyu yana da 26. Da aka leƙa hawan farko na na'urar, sai ga shi da kanta ta koyi neman layuka masu karkata daban-daban. Daga wannan nasara kuɗi da hankalin duniya suka kwararo, har aka kai ga wani sabon tsari a 2017, wanda manhajojin hira na yau suka ginu a kai. Gininsu ya bambanta da na na'urorin gane hoto, amma ciyarwar iri ɗaya ce: abin da aka zuba, shi ake samu.

Shi ya sa ba na bin bayan masu cewa ƙirƙirarriyar basira ta kamo mutum. Lungu ɗaya na ƙwaƙwalwa aka kwaikwaya, shi ma sama-sama. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana aiki da wutar da ba ta wuce wat 20 ba, kamar ƙwan lantarki guda, su kuwa na'urorin nan sai an gina musu gidaje cike da kwamfutoci. Yaron da ke bin mahaifinsa kasuwar Kara, in ya ga jar akuya da balami sau biyu ko uku ya gama bambance su har abada. Sannan yana jin yunwa, yana jin kunya, yana tsoron faɗan uwa, kuma duk waɗannan suna cikin abin da ke juya ɗabi'arsa.

Abin da ya fi damuna shi ne idon da aka rufe. Na'urorin nan sun yi ƙuruciyarsu cikin rubutun da ke intanet, mafi yawansa Turanci. Mu kuwa iliminmu ya fi yawa a baki: a karatun zaure, a rediyo, a saƙon murya. Wanda aka rubuta ma, tun daga waƙoƙin Nana Asma'u har wasiƙun kakanninmu, da ajami yake, kuma da yawa na kwance cikin adaka da gafaka a gidajen malamai. Na taɓa rubuta wa wata manhaja zance da "wanga" da "wagga" da "mi", sai ta mayar mini da shi wai ta gyara kurakurai.

Bayan mako guda dattijon nan ya dawo majalisa da wata tsohuwar takarda a naɗe cikin leda, wasiƙar mahaifinsa ce da ajami. Ya ce, "To ɗana, ba ta ta karanta mu ji." Na ɗauki hoton da waya. Ta ɗauke ta Larabci ce, ta zubo mana fassara mai tsari, ba ko kalma ɗaya da ke cikin takardar. Jikansa ne, ɗan shekara 12 da ya zo kiransa cin tuwo, ya durƙusa ƙarƙashin fitilar mai shayi yana bin layin da yatsa, ya karanto mana gaisuwar da saƙon buhun gero biyu da za a kai Wurno.